Famfon da Ke Cewa Ya Isa

Ranar wata Lahadi da hantsi muka ratse gidan mai a Filinge, za mu Yamai. Ƙaramar bas ce, irin wadda takarda ta ce mutum 19 take ɗauka, ga buhunan wake da awaki biyu ɗaure a bisa. Yaron gidan mai ya zura bakin famfo a wuyan tanki, ya matsa hannu, mai ya fara gudu. Ko lita 4 ba a kai ba muka ji ƙas, famfo ya tsaya. Ya sake matsawa, ƙas. Ya sake, ƙas.

"Maigida, tankinka cike yake," in ji yaron.

"Cike da mi? Tun daga Abala allura take kwance. Ko dai iska kuke saida muna yau?"

"Wallahi Maigida ba ni nike tsaida shi ba, shi ke tsaida kainai."

Fasinjoji suka sa baki, kowa da fatawarsa. Wani ya ce famfon ya tsufa, wani ya ce an taɓa mita, wata tsohuwa a bayana ta ce ita dai a yi a tafi, rana tana yi. Daga ƙarshe yaron ya ɗan zaro bakin famfon, ya murɗa shi gefe, ya sassauta hannu, man ya riƙa shiga kamar ana yi wa jinjiri ɗura. Abin da ya kamata a gama cikin minti biyu ya ci mana kusan rubu'in awa. Direba ya biya yana gunaguni, shi da yaron kowa yana ganin ɗan'uwansa ne mai laifi. Tankin kuwa lokacin da famfo ya fara tsayawa bai cika ba, yaron kuma ba shi ya tsayar da famfo ba.

Daga Filinge zuwa Yamai kilomita wajen 180 ne, ta Bonkuku da Baleyara, tafiyar da ke ba mutum lokacin saƙe-saƙe. Abin da na yi ta juyawa a raina shi ne, irin wannan gardamar ba ta da hanyar tashi a lokacin ƙuruciyata. A lokacin mutum ne ke cewa ya isa.

Ina da kawu, Allah ya jiƙansa, da ya yi shekaru yana jan Peugeot 404 mai tanti a baya, wadda muke ce wa bashe, tsakanin kasuwannin ƙasarmu ta Kurfai da Yamai, a shekarun farko na mulkin Seyni Kunce, ɗan Fandu da ke nan kusa da mu. In an ba mu hutun lakwal nakan maƙale masa. Famfon mai na farko da na buɗi ido na gani ba ruwansa da lantarki. Dogon ƙarfe ne tsaye, da mariƙi a gefe, da kwalabe biyu na gilashi a kansa, kowace tana cin lita 5. Mai sayarwa zai riƙa kaɗa mariƙin gaba da baya, man yana hawowa cikin kwalba ɗaya a gaban idon kowa har ya kai iyakarta, sannan a sake shi ya gangara ta tiyo zuwa tanki, ɗayar kuma ta fara cika. Kawu yana tsaye yana ƙirgawa da yatsu: biyar, goma, sha biyar. Yana ƙirga yana duba launin man, ko akwai ruwa kwance a gindin kwalba, ko an sirka da kananzir. Gani ya kori ji. Inda babu irin wannan famfon kuwa, tano ne mai cin lita 200, da tiyo, da mazurari, da tsohuwar hula ko ƙyallen da ake shimfiɗawa a bakin mazurarin don tace yashi. Yaron da aka sa ya zuƙo man da baki, ranar nan wuni zai yi yana gyatsar isansi.

To wa ke sanin tanki ya cika? Karen mota. Shi zai durƙusa ya kara kunne a wuyan tanki. Tanki fanko yana amsawa da murya mai kauri, yana cika muryar tana ƙara siranta, har ta koma kamar fito. Daidai nan zai ɗaga hannu ya ce "ya isa!" Duk yarinyar da ta taɓa cika tulu a rijiyoyin Dallol ta san wannan ilimin, ba sai ta leƙa ba take sanin ruwa ya kawo wuya. In karen mota ya yi sakaci mai ya zube ƙasa, ya sha ranƙwashi, magana ta ƙare. Akwai mai laifi, kuma yana da kunnen da za a ja.

Bayan kwalaben gilashi sai zamanin kwalbar lita. Man Nijar a lokacin daga waje yake zuwa, kamfanin SONIDEP da aka kafa a 1977 ke shigo da shi, mai yawa daga cikinsa ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye a tanka. Na Najeriya kuwa gwamnati tana biyan tallafi a kansa, araha kamar banza. Ruwa dai gangare yake bi. Ta daji, a jarkoki, a bayan babura da tsofaffin motoci, man ya riƙa ratsowa ta wajen Ƙonni da Dogon Dutsi har ya iso mana, ana ce masa ruwa-ruwa. Teburi ɗaya, kwalabe goma jere a rana, mazurari ɗaya, ka zama mai gidan mai. Rufe iyakar da Buhari ya yi a 1984, shekarar yunwar da mutane suka laƙaba wa sunansa, bai kashe wannan sana'a ba, haka rufewar 2019. Doka ta hana wannan man, ana kamawa, ana sirka shi, ya ƙone gidaje ba adadi. Amma ban da araha akwai abin da ya sa talaka ya saki jiki da shi: kwalba ce, yana ganin cikinta. Mai babur zai ɗaga ta ya duba a hasken rana, ya shinshina, ya ɗiga a tafin hannu ya ga ko zai bushe da sauri. Ido ba mudu ba, ya san kima.

A ƙarshen 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem, Nijar ta fara shan man ƙasarta. Gidajen mai suka yawaita, har a garuruwan da da sai tano. Sabon famfo yana da tsabta, yana da sauri, ba ya sa yaro zuƙar tiyo. Sai dai tun daga ramin ƙarƙashin ƙasa har cikin tankinka ba za ka ga ko ɗigo ba. Lambobi ne ke gudu a bayan gilashi, sai ƙas ɗin nan a ƙarshe. An karɓe aikin daga ido da kunne an damƙa wa wani ƙarfe da ba ya jin Hausa, ba ya jin Zabarmanci, ba a kuma taɓa zaunar da mu an gaya mana yadda yake yanke hukuncinsa ba.

Ni kaina na daɗe ina zaton akwai wata ƴar kwamfuta a ciki da ke leƙa tanki. Ashe babu waya, babu batir, babu lantarki ko kaɗan a cikin fistole, kamar yadda ma'aikatan gidan mai ke kiran bakin famfon da aron Faransanci. Hakan ma ya fi, don ba a son tartsatsi kusa da tururin mai. Duk dabarar ta iska ce. In ka juya bakin ƙarfen ka duba kusa da tsininsa, ta ƙasa, za ka ga wani ɗan rami da bai fi ƙwayar dawa ba. Daga ramin akwai siririn bututu da ya bi ta cikin bakin ya koma har mariƙi. Can cikin mariƙin an matse hanyar da mai ke bi, kamar maƙogwaro. Ruwa in ya ratsa matsattsen wuri yakan ƙara gudu, ya kuma riƙa zuƙar abin da ke gefensa. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Venturi, ya yi bayanin haka tun 1797, kuma da sunansa ake kiran abin har yau. Wato muddin mai yana gudu, fistole yana shaƙar iska ta ɗan ramin nan kamar hanci.

Wanda ya taɓa zama gaban wanzami aka kafa masa ƙaho zai gane sauran. Wanzami yana zuƙa ta tsinin ƙaho. Muddin akwai inda iska ke shiga ta gefe, ƙaho ba ya kamawa. Da zarar bakinsa ya zauna daram, iska ta rasa hanya, sai fata ta taso. Haka cikin fistole. Akwai wata ƴar roba shimfiɗe kamar fatar kalangu. In mai ya taso ya toshe ɗan ramin, iska ta yanke, zuƙar nan sai ta koma kan robar ta ja ta, robar ta zare sakatar da ke riƙe da bawul, bawul ya faɗa ya rufe. Ƙarar faɗawarsa ita ce ƙas ɗin da muke ji. Wani ma'aikacin kamfanin mai a garin Olean na jihar Niyok a Amurka, Richard Corson, shi ake danganta wa ƙirƙirar bawul mai rufe kansa a 1939, don a riƙa cika ganguna ba sai an tsaya gadin kowace ba.

Ke nan famfo bai san tanki ya cika ba, bai ma taɓa sani ba. Abu ɗaya ya sani: an toshe masa hanci. Ko cikar tanki ce ta toshe shi, ko feshin man da ya dawo baya, ko kumfa, duk ɗaya ne a wurinsa. Yaron da ya ce wa direbanmu tankinsa cike yake, tafinta ya yi wa famfon, ya kuma ƙara gishiri a maganar.

Mu koma bakin rijiya. Ka ɗura ruwa da ƙarfi a gora mai siririn wuya, zai yi ɓulɓul ya tofo maka shi a fuska tun bai kai rabi ba, don iskar da ke ciki ta rasa mafita. Kowace litar mai da ta shiga tanki sai litar iska ta fita. Shi ya sa masu ƙera mota suka yi wa tanki hanyar numfashi, ɗan tiyo da ke tashi daga samansa. A tsofaffin motoci irin bashen kawu wuyan tanki mai faɗi ne, iska tana samun mafita a sauƙaƙe. Motocin yanzu, ƴan Kwatano da muke saye bayan sun gama rayuwarsu ta farko a Turai da Amurka, wuyansu dogo ne, siriri, mai lanƙwasa. Na Amurka sun fi tsanani. Dokarsu ta hana sakin tururin mai a sarari, don haka tun daga 1998 aka fara ƙera motocinsu yadda iskar tanki a lokacin shan mai sai ta ratsa wani gwangwani cike da gawayi, gawayin ya kama tururin, iska ta wuce, daga baya inji ya zuƙe tururin ya ƙone. Don titunan da ake sharewa aka yi wannan tsari. Sai ga motar a Kurfai, inda hunturu ke tashi da ƙura mai laushin garin gero, inda damina ke mayar da hanyoyin ƙauye taɓo. Ƙura ta toshe matatar gwangwanin, gargada ta farfasa gawayin ya koma gari ya bi tiyo, ko dutse ya daki tiyon ya lanƙwashe. Tanki ya kasa numfashi, mai ya dawo wuya, ya taɓa hancin famfo, ƙas.

Na ga wannan a tawa motar, wata tsohuwa da ta fito daga Amurka. Na bar ta a rumfa a gida wata uku na damina ina Yamai. Da na dawo, ba gidan man da ban zarga ba. Lita biyu ƙas, lita ɗaya ƙas. Na canza wuri sau uku, har na yi wa wani yaro faɗan da nake jin kunyarsa har yau. Makanike na farko ya ce famfon cikin tanki ne, a sayo sabo. Na biyu, wani dattijo da ke aiki a gindin dogon yaro, bai ce komai ba. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mota, ya ciro wani tiyo, ya hura, bai huru ba. Ya sa waya ya zaƙulo, sai ga busasshiyar laka da ƴan tsutsotsi.

"Malam, baƙo ka yi. Zanzaro ya gina ɗaki a hancin motarka."

"Baba, zanzaro kuma? Motar nan fa daga Amurka ta zo."

"To shi ina ruwanshi da Amurka? Rami ya gani."

Na yi dariya har da ƙwalla. Ashe ma abin bai tsaya kanmu ba: a 2011 kamfanin Mazda ya kira motoci wajen 65,000 samfurin Mazda6 su koma gyara a Amurka da maƙwabtanta, saboda wani gizo-gizo da ke saƙa a cikin tiyon numfashin tanki. Su gizo, mu zanzaro.

Ba kowa ke dacewa da irin dattijon nan ba. Akwai makanikan da in sun ga gwangwanin gawayi sai su ce kayan Turawa ne, ba shi da amfani a nan, su cire shi su toshe tiyon da ƙusa. Garin neman gira a rasa ido. Wani lokacin kuma motar lafiyarta ƙalau, famfon ne ke turo mai da ƙarfin da ya dace da tankin babbar mota, ko gazuwal ne ya yi kumfa, ko datti ya shige ɗan ramin.

Wannan duk laifin mota ne ko na famfo. Akwai namu. Ku tsaya a kowane gidan mai ranar kasuwa ku sha kallo. Famfo ya yi ƙas na gaskiya, tanki ya cika, sai direba ya ce "ƙara". Karen mota ya dafa mota ya yi ta girgiza ta kamar mai awon gero yana girgiza tiya, a ƙara, a sake girgizawa, wani har ya hau da taya ɗaya kan dutse don motar ta karkace, sai an ga mai ya tsaya a bakin wuya yana ƙyalli, sannan hankali ya kwanta. Mutumin da ya saba a cika masa tiya har da tsororuwa ba ya yarda da shafaffen awo. Ga kuma maganar canji. Shekara da shekaru lita tana dala 108, wato sefa 540. A watan Yulin 2024 aka mayar da ita 499, dala ɗari ba tamma ɗaya. Wa ya taɓa karɓar canjin tamma a Filinge? Shi ya sa bayan ƙas yaro yakan ci gaba da ɗan matsa mariƙi har lamba ta zauna kan jika kaza cif, don kowa ya huta da neman ƴan kuɗi.

Ba dariya nake yi wa direbobinmu ba, na san inda abin ya samo asali. Kurfayawa mutanen doki ne tun fil azal, mahayi kuwa ba ya wuce rijiya bai shayar ba. Wanda zai bar Filinge ya nufi Abala ko Sanam ko rugagen arewa ya san famfo na gaba yana da nisa, in ma ya kai, zai iya tarar da babu mai, ko babu wutar da za ta tayar da famfon. Da, jarka biyu a baya ke maganin wannan fargaba. Tun da rashin tsaro ya shigo jihar Tilaberi, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur a farkon 2020, jarkar mai ta zama abin da ake tsare mutum da tambayoyi a kansa a shingen jami'an tsaro, don an san da mai ƴan bindiga ke yawo a daji. Tanki kaɗai ya rage jarkar da ba a tuhuma. Kwalbar bakin hanya kuma, wadda ita ce ke ceton wanda mai ya yanke wa, ta ja baya tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Bola Tinubu ya ba da sanarwar ƙarshen tallafi. Man Najeriya ya yi tsadar da ba riba a ɗauko shi, kowa ya koma gidan mai, nauyi ya yi wa matatar Damagaram yawa. A watan Maris na 2025 mutane sun yi ta wuni a layin mai a Yamai, a ƙasar da ke tura ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin. Wanda ya wuni a layi, in ya samu famfo, ƙas ɗaya ba zai sallame shi ba.

Duk da haka, a nan famfo ya fi mu gaskiya. Sararin da ya rage a saman tanki da gangan aka bar shi. Isansi yana kumbura da zafi, kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Yana fitowa daga ramin ƙasa da ɗan sanyinsa, ya shiga tankin da zai tsaya a ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ga kwalta tana turara shi daga ƙasa. Lita 50 in ta ƙara digiri 15 ta ƙaru da kusan kashi uku cikin huɗu na lita. In ba a bar wa wannan ƙari wuri ba zai nema da kansa: ya zubo ta murfi a gefen mota, ko ya bi tiyon numfashi ya jiƙa gawayin da aka yi don tururi kawai. Gawayi in ya sha mai ya lalace ya toshe. Wato mai girgiza mota yau don ya ƙara lita ɗaya, shi ne zai dawo bayan wasu watanni yana zagin yaro don famfo yana tsayawa a lita 4. Direbanmu na ranar Lahadi, bayan duk wahalar da aka sha, da man ya kawo wuya sai da ya sa karen motarsa ya girgiza ta.

Akwai matsalar da ta fi duk waɗannan muni, ita ce famfon da ba ya tsayawa. Robar ciki ta tsage, ko siririn bututun ya fashe yana shan iska ta wani wuri, ko matatar famfon ta toshe man yana fitowa a sanyaye har zuƙar ba ta da ƙarfin jan sakata. Yaro ya saƙala mariƙi ya tafi ba wani canji, ya dogara da ƙas ɗin da ba zai zo ba, sai a ga mai yana malala ƙarƙashin mota. Karen motar kawu ba ya barin wuyan tanki, don ya san ba mai tsayarwa sai shi. Na yanzu an koya masa cewa ƙarfe zai tsayar, ƙarfen da ake jefarwa a ƙasa, mota ta taka, a ɗaure da roba a ci gaba da aiki. Mu kuwa mun ga abin da mai ke yi in ya haɗu da wuta. Daren 5 ga Mayun 2019 wata tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru da bokitai da jarkoki suna kwasa, ta kama. Aƙalla mutum 55 suka mutu nan take, wasu suka bi su daga asibiti. Ba famfo ne ya jawo wannan ba, amma tun daga ranar ba na iya ganin mutum zaune a kan babur, inji yana aiki, ana zuba masa mai tsakanin cinyoyinsa, in yi shiru. A tankin babur ma na'urar ba ta cika yin aiki ba, don bakin famfon ba ya nutsewa ciki sosai. Nan har gobe ido ne, kamar zamanin kawu.

Saura zargin da direba ya yi, cewa iska ake sayar masa. Shi ya fi yawo a bakin mutane, wai duk ƙas ɗaya mita tana ƙirga abin da bai shiga ba. Mita tana can cikin jikin famfo, abin da ya ratsa ta take ƙirgawa, in bawul ya rufe ta tsaya. Ba ina cewa ba a cuta a gidajen mai ba ne. Ana yi, amma ba ta wannan ƙofar ɓarawon ke shiga ba. Yana shiga ta mitar da aka taɓa ta riƙa ba da ƙasa da lita, ko ta lambobin da ba a mayar sifili ba bayan wanda ya gabace ka. Na biyun idonka ya isa. Na farkon sai ma'aunin hukuma, gwangwanin lita 20 da masu duba awo ke zuwa da shi, kuma garuruwa irin namu sun cancanci ganinsa a kai a kai. Da za a riƙa auna famfo a bainar jama'a ranar kasuwa, ko da sau biyu ne a shekara, da rabin gardamar ta mutu. Mutanen da aka raba da kwalbar gilashi suna da haƙƙin a nuna musu wani abu a madadinta.

Yaron ranar Lahadi da aka taru a kansa, shi ne ya yi abin da ya dace, ko da hannunsa ne ya san dabarar ba bakinsa ba. Ya zaro bakin famfon kaɗan ya nisanta hancinsa daga feshi, ya murɗa shi don man ya bi bangon wuya, ya rage gudu don iska ta samu sukunin fita. Wannan tana kai mutum gida, ba ta gyara mota. In motarka tana yin haka a gidan mai ɗaya kawai, famfonsu ne, ka gaya wa mai wurin. In tana yi a ko'ina, ka ƙyale ƴaƴan mutane, ka kai ta a hura tiyon numfashi, ka kuma ce a fara neman ɗakin zanzaro kafin a aike ka Yamai sayen sabon famfon tanki.